Takardun Yaya da Hannun Malam

Asubar fari muka tashi ranar Asabar, ni da maigida, ko shayi ba mu tsaya sha ba. Daga gidanmu a Maryland zuwa Greensboro tafiyar awa shida ce in hanya ta yi kyau. Maigida mutum ne da ke ganin duk mintin da aka ɓata a gida asara ne, amma da ya hau titi ba ya wuce gudun da aka rubuta a allo ko da ɗigo. Na cika fulas, na ɗauki dambun nama da burodi, na shimfiɗa taswirar hanya a cinya, ya saka kaset ɗin karatu muka kama hanya.

Dalilin tafiyar yayana ne. Sau uku ya bugo waya cikin mako guda, wai takardun sabunta inshorar gidan abincinsa sun zo, kuɗin ya yi yawa, in je in duba masa abin da za a soke. Ni aikina ke nan a ofishin wani ƙaramin asibiti, cike fom ɗin inshora daga safe har yamma, don haka a wurin dangi na zama lauya ba tare da na taka makarantar lauyoyi ba. Na ce ya aiko mini ta gidan waya. Ya ce zuwa da kai ya fi aike.

Mun zagaye Washington kafin motoci su farka. A bayan Richmond muka sha mai, galan dala ɗaya da 'yan canji, ya ɗan fi namu araha, abin da ya faranta wa maigida rai har ya sayi gyaɗa. Matar da ke karɓar kuɗi ta kira shi da wani sunan ƙauna da ni kaina ban taɓa kiransa da shi ba. Ya ce mini haka mutanen kudu suke yi wa kowa. Na ce to, a dai riƙa amsawa a hankali. Daga nan hanya ta shige cikin dogayen itatuwa, ka yi tafiyar rabin awa ba ka ga gida ba, sai can ka hango gonar taba da wata tsohuwar rumfar katako. Da muka wuce Durham na jefa kwabbai a wayar bakin hanya na shaida wa Yaya mun kusa.

Ana gab da azahar muka shiga titin Wendover. Titi ne da ba a yi shi don mai tafiya a ƙafa ba: manyan kantuna jere, filayen ajiye motoci da sun fi kantunan girma, gidajen haya a bayansu. Gidan abincin Yaya yana cikin wani layin shaguna, tsakanin gidan wanki da mai gyaran talabijin. Tebur goma sha biyu ne, bango fenti ruwan ɗorawa, an rataye wata ƙatuwar malafa a saman ƙofa.

Na san za a tambaya, me ya haɗa Bakano da abincin Meziko. Yaya ya yi shekara goma sha ɗaya yana ɗaukar kaya a wani sito a wannan titin. A can ya saba da wani ɗan Meziko da kullum yake zuwa da abincin rana daga gida, girkin mahaifiyarsa. Yaya ya ɗanɗana sau ɗaya, ya ɗanɗana sau biyu, ya ce wannan tsohuwa ba ta san dukiyar da ke hannunta ba. Shi ya zuba duk abin da ya tara, ita ta kawo hannu da 'ya'yanta. Sharaɗinsa uku: ba alade, ba kitsen alade, ba giya. Tsohuwa ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba saboda kitsen, daga baya ta koma dafa wakenta da man gyaɗa. Har yau in baƙo ya nemi giya aka ce babu, sai ya waiwaya ya sake duba allon ƙofa ko ya ɓata hanya.

Abincin kuwa bai yi wa bakin Bahaushe nisa ba. Shinkafa ja kamar dafa-duka, wake da aka dama ya yi laushi, naman sa da albasa da tattasai a nannaɗe cikin wani fallen burodin masara da ya fi gurasa sirantaka. Kafin a kawo maka komai sai a ajiye kwandon soyayyen fallen masarar nan, an yayyanka shi, da ɗan kwanon miyar tumatir mai yaji, kyauta. Farantin rana bai kai dala biyar ba. Maigida ya cinye kwando biyu na kyauta kafin abincinsa ya iso, ya ce shi dai ya ga inda ribar Yaya take zurarewa.

Bayan la'asar Yaya ya fito da takardun daga cikin wata jakar leda, muka zauna a teburin ƙarshe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina fassara masa. Akwai ta baƙi, in wani ya zame a kan jiƙaƙƙen daɓe ya karye, ko ya ce abinci ya ɓata masa ciki. Wannan mai ginin da Yaya ke haya ne ya wajabta, in babu shaidarta ba zai sabunta haya ba. Akwai ta gobara da kayan aiki, wadda ta yi tsada saboda kaskon suyar nan mai zurfi da ke tafasa tun safe har a tashi. Akwai wata 'yar ƙarama ta nama da kayan miya in wuta ta ɗauke firij ya tsaya. Akwai ta motar da ake kai abinci ofisoshi, domin inshorar motarsa ta gida ba ta san da zancen kasuwanci ba. Sai ta ma'aikata, wadda ake lissafawa a kan albashin da ake biya, ita ce ta fi kowacce nauyi. Duka-duka abin ya haura dala dubu takwas a shekara. Yaya ya buga shi a naira, kamar yadda dukanmu muke yi in muna son mu ɓata wa kanmu rai, ya ce da wannan kuɗin fili zai saya a gida har ya kewaye shi.

Ya ɗora yatsa a kan ta ma'aikata. "Wannan za ki soke mini. Mutum biyar ne. Uku 'ya'yan tsohuwa, ɗaya surukarta, ɗaya Malam. Wa zai kai ni ƙara a cikinsu?"

Na ce, "Yaya, ba zancen ƙara ba ne. Kuɗin magani ne in wani ya ji ciwo a bakin aiki. Kuma a jihar nan in ma'aikatanka sun kai uku, doka ce."

"Shekara biyu ina biya, ko ƙwarzane ba wanda ya yi. Ke dai kin zama Baturiya."

Na bar shi a nan, don wakilin kamfanin inshorar zai zo ranar Litinin, kuma na san Yaya: maganar ƙanwa sai ta kwana kafin ta shiga. Kafin magariba ya zagaya da mu gari. Ya kai mu Irving Park, unguwar masu hali, gidajen jan bulo da manyan itatuwa da ciyawa a gyare. Mun yi kusan minti ashirin muna zagayawa, mutum ɗaya muka gani a ƙafa, shi ma kare ne ya fito da shi. Yaya ya nuna mana gidaje biyu da ya taɓa kai abincin biki, yana faɗa da alfahari kamar shi ya gina su.

Ranar Lahadi sai sha biyu suke buɗewa, lokacin da mutane ke fitowa daga coci. Na shiga kicin tun kafin a buɗe don in ga yadda tsohuwa take haɗa miyar nan. A nan na fara ganin Malam, wanda jiya na ji sunansa kawai. Mutumin Maraɗi ne, ya ba hamsin baya, iyalinsa duka suna gida, da abin da yake aikawa suke ci. Yaya ya tsince shi a masallaci ba shi da wurin kwana, ya ajiye shi a ɗakinsa wata takwas, ya yi ta zirga-zirga da shi har takardunsa suka daidaita, sannan ya ba shi aikin suya.

Malam ya gaishe ni da ladabi, ya haɗa mini shayi, ya miƙo mini da hannun hagu yana cewa in yi haƙuri da hagu. Dattijo irin wannan ba ya miƙa wa mutum abu da hagu haka kawai. Na duba damansa, sai na ga ya cusa shi cikin safar roba da ta yi masa kaɗan, ƙyalle yana leƙowa ta wuyan hannu. Da ya matso kuma na ji wari. Shekarata shida a asibiti, ko da yake a ofis nake, na san wannan warin.

Na ce, "Malam, me ya sami hannun?"

"Ba komi Hajiya, ɗan mai ne ya fallatso. Yana sauƙi."

Tsohuwa ta ji mun ambaci hannu, ta ajiye wuƙa ta hau faɗa da yarensu tana nuna kaskon suya. Ɗanta ya fassara mini. Ba fallatsa ba ce. Kwandon suya ne ya kuɓuce, Malam ya kai hannu zai tare shi, yatsunsa suka nutse cikin mai. Tun ranar take cewa a kai shi asibiti, shi kuma yana cewa ya warke. Ya shafa zuma, ya shafa man kaɗanya, ya shafa man goge baki, ita ma ta matsa masa ruwan wani ganye nata. Da ƙyar na sa ya cire safar. Ba zan kwatanta abin da na gani ba. Yatsu biyu na ƙarshe sun sauya launi, kumburi ya wuce wuyan hannu, jikinsa kuma da zafi.

Na kira Yaya da muryar da ban taɓa kiransa da ita ba. Ya zo ya gani, ya dafa bango. Na tambaye shi yaya aka yi mutum yana aiki a gabansa da hannu haka bai sani ba. Ya ce ya tambaye shi ya fi sau biyar. "Babban mutum ya ce maka ya warke, sai ka ce masa kwance in gani?"

To ka ji. Wannan ya yi wa wancan kara, wancan ya yi wa wannan kara, hannu yana ruɓewa a tsakaninsu. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban san a kan wa zan sauke ba, domin dukansu biyun abin da aka koya mana a gida suka yi.

Na ce a tashi a tafi asibiti yanzu. Malam ya zauna a kan buhun shinkafa ya ce ba inda za shi. Ya ce ya san kuɗin asibitin ƙasar nan, kwana ɗaya sai ya cinye cinikin wata. Na ce akwai inshora. Ya girgiza kai.

"Asurans ɗin nan na san ta, Hajiya. Ina ganin lauyoyinsu a talabijin, wai in ka ji ciwo wurin aiki ka kira su. Ni in kai Alhaji gaban hukuma? Mutumin da ya yi mini rana ba ni yi mishi dare. Gara hannun ya tafi."

Na yi bayani iya bayani. Na ce ba kotu, ba lauya, takarda ce kawai za a cike, kamfani ya biya likita, ya kuma biya shi wani abu na kwanakin da ba ya aiki. Yana ta cewa haka ne, haka ne, irin haka nen da ke nufin ba zan yi ba. Sai Yaya ya jawo bokiti ya kife ya zauna a gabansa.

Ya ce, "Malam, shekara biyu ina zuba wa mutanen nan kuɗi. Jiya-jiyan nan nake cewa asara nake yi. Kuɗin maganinka na riga na biya tun kafin ka ƙone. In ka ƙi zuwa, ka bar musu shi kyauta, ka kuma bar ni da alhakinka. Wannan ce sakayyar da za ka yi mini?"

Malam ya miƙe daga kan buhun. Sannan ya ce a miƙo masa hularsa.

Kafin mu fita na tuna da ƙa'idar sanarwa. Dokar jihar ta ce wanda ya ji ciwo ya sanar da mai aikin a rubuce cikin kwana talatin. Malam bai riƙe ranar ba, Yaya ma haka. Tsohuwa ce ta tuna, domin ranar ce jikarta ta cika shekara, har ta bar kek a mota ta dawo da gudu da ta ji ihu. Muka ƙirga, kwana ashirin da uku. Na yagi takarda daga littafin da ake rubuta odar abinci, na rubuta abin da ya faru da rana da lokaci, Malam ya sa hannu da hagu, Yaya ya sa a ƙasa.

A sashen gaggawa ba su bar mu mun zauna ba. Ma'aikaciyar jinya ta buɗe hannun, ta dube mu mu uku ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Suka kwantar da shi, suka ɗaura masa ruwa da magani. A wurin rajista na ba da lambar inshorar ma'aikata daga cikin jakar ledar nan ta Yaya. Ba wanda ya nemi ko sisi a hannunmu.

Ranar Litinin da hantsi wakilin kamfanin ya zo daga unguwar Sedgefield, wani jan Bature mai fara'a, da sandunan wasan golf a bayan motarsa. Yaya ya ba shi labari tun kafin ya zauna. Fara'ar ta ɗan ragu. Ya ce an yi jinkiri, kuma jinkiri shi ke mayar da ƙaramin ciwo babba, amma tunda an rubuta kuma ga shaidu, zai tura takardun a ranar. Bai ɓoye ba, ya ce wataƙila kuɗin ya ɗan hau nan gaba. Sannan ya zagaya kicin da ɗan littafinsa. Ya leƙa bututun hayaƙi ya ce a riƙa kiran masu wanke shi a kan lokaci ana ajiye rasit. Ya duba tukunyar kashe gobara, ya ce a shimfiɗa tabarmar roba a gaban kaskon suya, a sayi dogayen safar hannu da kwando mai ƙugiya. Duk waɗannan, in ji shi, suna rage abin da ake biya. Da ya zo layin giya a fom ɗinsa ya ga babu, sai ya ce ai gidajen abincin Meziko da yake yi wa aiki, inshorar giya tana cikin abin da ya fi cin kuɗinsu, domin in mutum ya sha a wurinka ya fita ya yi ɓarna ana iya biyo ka. Yaya ya dube ni yana dariya ya ce ashe tun a duniya ake fara ganin ladan. Wannan ce dariyarsa ta farko tun jiya. Ya sa hannu a kan takardun duka, bai soke ko layi ɗaya ba, sai dai ya roƙi a raba masa biyan wata-wata, aka raba.

Ranar Talata da safe muka biya asibiti kafin mu kama hanya. Zazzaɓin ya sauka, kumburin ya ja baya. Likitan ya ce hannun zai tsira, amma yatsun nan biyu sai sun ƙara dubawa, kuma da an zo a makon farko da wanki da ɗauri kawai za a yi. Malam bai ji Turancin ba, ya tambaye ni me aka ce. Na faɗa masa rabin farko. Tsohuwa ta aiko masa da romon kaza a kwano, ya sha da hagu, yana tambayar wa ke tsaye a kan suya.

Dawowa ba mu yi hira sosai ba. Ruwa ya tare mu daga iyakar Virginia har Richmond, muka kuma faɗa cikin cunkoson Washington da la'asar, muka yi awa guda muna jan jiki. Tsohuwa ta cika mana leda da abinci, shi muka ci a mota. Mun shiga gida agogon falo mai kiran salla yana kiran magariba.

Abin da na koyo a wannan tafiya ba shi da yawa. Mai gidan abinci a ƙasar nan, kowane iri yake sayarwa, ya sa kuɗin inshora a layi ɗaya da kuɗin haya da na nama, ya daina buga shi a naira. Kuma bai isa ka biya ka ajiye takarda a leda ba, sai ka zaunar da mutanenka ka gaya musu da harshen da suke ji cewa an biya, kuma karɓa ba cin amana ba ne. Ni ina son kara, da ita aka raine ni, kuma ba na fatan ranar da za mu rasa ta. Amma in ka ga ɗan'uwanka da ɗaurarren hannu, ka ce ya kwance ka gani, ko da zai ji haushinka.

Ranar Laraba da yamma Yaya ya bugo. An yi wa Malam aiki, an cire yatsun biyu. Ya ce da Malam ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne ko kamfanin ya yi wa Alhaji faɗa, sannan ya ce a ba ni haƙuri, na zo hutu ya ɓata mini tafiya.